Ranar da Surukina Ya Tsince Ni a Mayo

Shekarun baya, tun kafin in fara sa muku hotunan keke a nan kuna ta yi min kirari, wani abu ya same ni a bayan duwatsun Tingilin wanda har gobe in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Matata ta daɗe tana cewa in ba da labarin, wai ko zan huta. Ban tabbata zan huta ba, amma ga shi.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. A Garwa aka haife ni, a kwata na girma, kuma tukunyar mahauci ba ta rasa tsoka. Da haka da haka na wayi gari da tumbin da in zan sa takalmi sai na yi nishi. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya hana ni kitse da gishiri, ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi ban da zafin Garwa. Abokina, malamin lise ne, wato sakandare, ɗan Maruwa, siriri kamar sandar makiyayi, shi ya ce in zo in shiga cikinsu. Suna da 'yar ƙungiya ta masu hawan keken dutse. Duk Lahadi da asuba sukan fita ta hanyar Pitowa, su bar kwalta, su bi hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonakin auduga har gindin duwatsu, su hau iyakar inda ƙafa ta iya kai su, sannan su gangaro.

Na sayi keke na hannu, mai ƙatuwar taya da giya barkatai, gabansa yana lotsawa in ya daki dutse. Da farko a wani tsohon ramin da aka haƙi tsakuwa nake koyo, inda 'yan ƙungiyar suka tara jar ƙasa suka yi tudu-tudu da kwana-kwana don atisaye. Na faɗi a wurin nan har na daina ƙirgawa. Amma abin ya shiga raina. Mutumin da ya saba wari da hayaniyar kwata tun duku-duku, ya tsinci kansa a kan dutse da sanyin safiya, kogin Binuwai yana sheƙi can ƙasa, garin duka ya zama kamar tabarmar da aka shimfiɗa, ai dole ya koma.

Matsalar ɗaya ce, kayan sawa. Wanda bai taɓa gani ba, wani wando ne baƙi gajere da ke manne wa jiki kamar fatar tsire, da soso a gindinsa don kada sirdi ya ci mutum. A jikin abokina ba laifi. A jikina kuwa, ranar da matata ta fara ganina a ciki sai da ta dafa bango.

Ta ce, "Maigida, don Allah kada ka bari rana ta fito maka a cikin gari da wannan abin."

Na ce ai ni ma ba mahaukaci ba ne. Sai na riƙa ɗora dogon wando da riga a kai, in mun kai gindin dutse inda babu kowa sai awaki in tuɓe, in cusa su a jakar baya ta abokina tare da wayata, tunda ni ba na son abu a bayana in ina hawa.

To, kafin in kai ku ranar, sai kun san surukina.

Mahaifin matata Bafulatani ne dillalin shanu, dogo, fari, mai ƙarancin magana. Shekara da shekaru yana sayar wa mahaifina shanu, suna mutunci, amma da aka je neman mini auren 'yarsa sai ya ƙi. Abin da ya dawo kunnena shi ne wai ya ce mahauci mutumin kirki ne a kasuwa, amma wanda ya saba da jini da ihu tun yana yaro ba ya sanin kunya. Sai da manya suka sa baki, ita ma yarinyar ta nuna inda zuciyarta take, sannan ya yarda. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na ɗaura wa kaina cewa sai na nuna wa tsohon nan ɗan mahauci ya san kunya har ya fi 'ya'yan cikinsa.

Na kuwa yi. Ban taɓa shiga gidansa ba hula ba. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ko ruwa aka kawo sai in ce na ƙoshi. Tun daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa nesa da tabarmarsa, in gaishe shi kaina a ƙasa. In na hango shi a kasuwa sai in canza layi. Ko ƙwaurina bai taɓa gani ba. Shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi magana da ni sai ya dubi wani wuri ya yi ta da Hausa, don ya san Fulatancina na ciniki ne kawai. Har muka haifi 'ya'ya a haka muke, kuma na fara jin cewa na ci jarrabawar.

Ranar da abin ya faru bazara ce, an gama cire auduga, gonaki sun zama fili sai kututture. Mun makara wajen fita saboda tayar wani ta yi faci tun a hanya, kafin mu kai saman tudun rana ta riga ta yi zafi. Muka huta kaɗan, aka ce a gangara ta wata sabuwar hanya da ke ɓullewa kusa da Pitowa, mu sha shayi a can tunda ranar kasuwa ce. Abokina ya ce mini, "In ka kai wata babbar tsamiya hanya ta rabu biyu, ka bi sawunmu. Kuma ka bar matse birkin gaba kamar kana shaƙe ɗan akuya."

Suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ni ne kullum na ƙarshe, don a gangara nauyina yakan sa keke gudu fiye da yadda zuciyata ke so, sai in yi ta jan birki. Da na kai tsamiyar babu wani sawu da zan iya karantawa, ƙasar duk tsakuwa ce. Hanyar dama ta fi faɗi, ta fi kama da wadda ake bi. Na bi ta. Ashe burtali ne, shanu ne suka faɗaɗa shi da kofatansu suna sauka shan ruwa.

Tun ban yi nisa ba na gane na yi kuskure, amma gangarar ta riga ta karɓe ni. Ramukan kofato da suka bushe suka riƙa jijjiga ni har haƙorana na haɗuwa, ƙaya na zabga mini mari dama da hagu. Sai kawai na ga hanyar ta ƙare a bakin mayo, wato irin rafin nan da ke bushewa da rani ya bar yashi da duwatsu. Gaɓar ta kai tsayin mutum. Abin da aka ce kada in yi shi na yi, na damƙe birkin gaba da duk ƙarfin hannun mahauci. Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba.

Na ji ƙarar tun kafin in ji zafin, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya tafi. Na daɗe kwance ina kallon sama ina salati. Da na yi yunƙurin tashi sai duniya ta juya, na koma. Goran ruwana ya fashe, yashi ya shanye. Gwiwata da gwiwar hannuna duk sun saɓule, jini na bin ƙafata. Sannan na ji iska tana taɓa ni a inda bai kamata ba. Na kai hannun da ke aiki na shafa. Wandon nan ya kama wani reshe a gaɓar, ya tsage tun daga ƙugu har cinya ta baya, sosonsa yana reto.

Dogon wandona da wayata suna bayan abokina, shi kuma yana can yana nufar shayi.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba. Na ja jiki zuwa 'yar inuwar gaɓar, inuwar ta yi ta guduna. Wanda ya san zafin bazara a ƙasarmu ya san ba abin wasa ba ne ga mai hawan jini ya kwanta a yashi ba ruwa. Harshena ya bushe, kaina ya fara sarawa, na fara ganin baƙi-baƙi a idona. Na tuna 'ya'yana. Na ce, ya Allah, ka kawo ko wane ne. Na maimaita, ko wane ne.

Can sai na ji ƙugin mota. Ashe akwai wata hanyar mota da ke tsallaka mayon ɗan ƙasa da inda nake, wadda masu zuwa rugage ke bi. Na ɗaga hannu ina ihu da 'yar muryar da ta rage mini. Motar ta ɓullo daga bayan bishiyoyi, tsohuwar a-kori-kura fara, ƙofarta ɗaya shuɗiya don an taɓa canza ta, da raguna a baya.

Garwa kaf mota ɗaya ce mai wannan ƙofar, ta surukina.

Na sauke hannuna. Wallahi na sauke shi, na kwanta lamo na manne da gaɓar ina addu'ar da ta saɓa wa ta farko. Na gwammace rana ta ƙarasa ni. Amma keken yana kwance a tsakiyar yashi yana ƙyalli, tayarsa ɗaya a sama. Motar ta rage gudu, ta tsaya. Na ji an buɗe ƙofa biyu.

Dabarar da ta zo mini a lokacin, in na tuna ta yanzu nakan rasa inda zan sa kaina. Hular kwanona tana kaina, fuskata duk yashi da jini. Na ce a raina ai ba lalle ya gane ni ba, bai taɓa kallon fuskata sosai ba. Bari in zama baƙo, irin ma'aikatan nan 'yan kudu da ake turowa Garwa. Na jawo hular ta rufe mini goshi, na yi ƙoƙarin juya tsagaggen ɓangaren wajen gaɓa, abin da ya sa na ƙara buɗe shi.

Direban ne ya fara isowa, wani dattijo da ya daɗe yana yi wa surukina tuƙi, wanda ya sha zuwa gidana kawo saƙo, ya sha cin tuwon matata. Bayansa ga tsohon nan tafe a hankali, da farar babbar riga ta zuwa kasuwa da rawani da sanda.

Na shaƙe murya na ce da Faransanci, "Sa va, sa va, mesiye. Mersi. Sa va."

Direban ya sunkuyo ya leƙa ƙarƙashin hular. Ya ja da baya ya riƙe baki. "A'a! Alhaji, ai wannan..."

"Bawan Allah ne ya faɗi," in ji surukina. Bai ɗaga murya ba, amma direban ya haɗiye sauran maganar kamar an sa masa hannu a baki. "Kawo ruwa."

Ya tsaya a kaina, bai dube ni ba, yana kallon gaɓar da na faɗo. Sai na ga ya jingine sandarsa, ya kama babbar rigarsa ta kafaɗa ya cire ta ta kai, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya ware ta ya lulluɓa mini tun daga ƙirji har ƙafa, ya sa hannu ya tura gefenta ƙarƙashina ta wajen da ya tsage, duk fuskarsa na kallon wani wuri.

Ya ce, "Sannu, bawan Allah. Ina ne ya karye?"

Da Hausa ya faɗa. Mutumin da in ya gamu da baƙo Fulatanci yake fara yi masa, in bai ji ba ya sa direba ya yi masa Faransanci. A nan na san an gama da ni. Amma tunda na riga na hau dokin ƙarya, sai na kasa sauka. Na nuna kafaɗata na ce, "Isi, mesiye."

Ya ce, "To. Allah ya sawwaƙe."

Direban ya kawo buta ya ba ni ruwa a baki, kafaɗunsa na rawa, yana ta tari na ƙarya. Ni da ban taɓa shan ruwa a gaban surukina ba, na shanye butar nan tas har ina sheshsheƙa, ruwa na bin gemuna. Tsohon ya warware rawaninsa ya miƙa wa direban, ya nuna masa yadda zai rataye mini hannu a wuya ya ɗaure shi da ƙirji. Suka kama ni su biyu suka tayar. Ina da nauyi, na faɗa muku. Na ji ƙasusuwan hannun tsohon suna rawa a ƙarƙashin hammatata, na ji numfashinsa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba tunda nake.

Gaban motar mutum biyu yake ci. Na nufi baya wajen raguna, don can ne ya dace da ni. Ya ce a'a, a sa ni gaba.

Direban ya ce, "Alhaji, kai fa? Rana ta yi zafi."

"Wa zai riƙe masa kekensa?"

Haka aka yi. Ni a kujerar surukina, cikin rigar surukina, hannuna ɗaure da rawaninsa. Shi kuma dattijo mai furfura, wanda in ya shiga kasuwar shanu ake tashi tsaye, yana zaune a bayan a-kori-kura tsakanin raguna, kai ba rawani sai 'yar hula, ya riƙe keken da hannu ɗaya. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ƙashin ya soke ni, amma ba shi ya fi damuna ba. Madubin gefe ne. In na ɗaga ido sai in hango shi yana jijjiga, rana na dukansa.

Da muka hau kwalta direban ya juya kan motar zuwa Garwa, ya bar Pitowa da kasuwarta a baya. Ragunan nan don kasuwar ranar aka ɗauko su daga ruga. Muna tafe ya dube ni ta wutsiyar ido ya ce a hankali, "Mesiye, yaya su Hajiya da yara?"

Na ce, "Don girman Allah ka yi shiru."

Ya yi dariya har sitiyari na kaɗawa, sannan ya ce, "Kada ka damu. Tunda Alhaji ya ce bai san ka ba, ni ma ban san ka ba."

Shigarmu gari ita ce ta fi tsawo. Mutane sun san motar, sun san mai ita. Masu moto, wato babur, suna ɗaga hannu suna gaishe shi, suna waiwaye suna mamakin abin da ya mai da Alhaji bayan mota. Na sunkuyar da kai har hular kwanon ta taɓa gaban motar.

A asibiti ya sauko da kansa, ya kira ma'aikatan jinya, na ji yana ce musu, "A hanya muka tsince shi. Ku duba shi da kyau." Aka ɗora ni a gadon turawa. Ya matso, yana kallon bango, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, bawan Allah." Ya juya ya tafi, daga shi sai 'yar ciki. Ban iya ce masa ko na gode ba, da Hausa ko da Faransanci.

Ba a gama ɗaukar hoton ƙashin ba sai ga ƙanina ya shigo a guje da rigar aikinsa. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce direban Alhaji ne ya tsaya a rumfarmu ya sauke wani keke, ya ce an kai wani mutum asibiti mai kama da 'yan gidanmu, a je a duba ko an san shi. Shi ƙanin nawa ne ya kira abokina, wanda ashe shi da sauran suna can sun bazu a duwatsu suna ƙwala mini kira.

Matata ta iso daga baya. Ta shigo da kuka, ta duba kafaɗar, ta duba gwiwar, ta gode wa Allah. Sai idonta ya sauka kan rigar da aka naɗe a gefen gado, duk jini da yashi. Ta ɗaga ta, ta duba aikin wuyan. Ta zauna a bakin gadon a hankali.

"Wannan ai rigar Baba ce."

Na juya fuskata bango.

"Maigida, a cikin wane kaya ya gan ka?"

Ta ɗaga zanen da aka rufa mini ta leƙa, ta sake shi. Ta cusa fuskarta a cikin rigar mahaifinta, jikinta na girgiza, har yau ban san ko kuka take ko dariya ba. Ita ta ce duka biyun ne.

Ƙashi ya ɗinke cikin 'yan makonni. Abin da ya ƙi ɗinkewa shi ne yadda zan sake haɗa hanya da tsohon. Matata ta wanke rigar da rawanin, ta kai wa mai guga, suka dawo fes. To, a mayar ta yaya? In na aika da su, na amsa cewa ni ne. In na riƙe, na ci rigar surukina. Matata ta je gida ta ɗan bugi cikin mahaifiyarta. Tsohuwar ta ce ranar dai Alhaji ya dawo da 'yar ciki, raguna ba a sayar ba, ya kwana biyu yana fama da ciwon kai saboda rana. Da ta tambaye shi riga, ya ce ya ba wani baƙo da ya faɗi a hanya. Bai ƙara ko kalma ba. Gidan sun aiko a duba ni, amma a matsayin wanda aka ji labarin ya yi haɗari, har da kwaryar nono da man shanu a shafa wa kafaɗa.

Na yi ta zille wa gidan. In an ce ana wani sha'ani sai in ce kafaɗa. In shanunsa za mu saya sai in tura ƙanina. Har Babbar Salla ta zo, wadda babu wani uzuri da zai hana suruki zuwa gaisuwa.

Na sa rigata mafi girma, na ja hula har gira. Zauren cike da baƙi, dillalai da 'yan uwa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a inda na saba, na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara, ya tambayi mahaifina. Na fara lissafin tashi. Sai wani daga cikin baƙin ya kawo zancen masu keken nan da ake gani a duwatsu, wai mutane da hankalinsu da aikin yi suna hawa inda ko jaki ba ya so. Aka yi dariya. Ni dai ina ƙirga zaren tabarma.

Surukina ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, da Hausa, alhali duk hirar da Fulatanci ake yi, "Na taɓa tsintar ɗayansu a mayo, wajen rugarmu. Ya karye, rana ta gasa shi, amma bai yi raki ba. Mutum ne mai kunya ƙwarai." Ya ɗan tsaya yana gyara carbinsa. "Ban dai san ko ya warke ba."

Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Na ji labari ya warke, Baba."

"To, madalla," in ji shi, yana kallon ƙofa. "In ka ga wanda ya san shi, a ce masa rigar kyauta ce, kada ya wahalar da kansa. A kuma ce masa hanyar mutane tana hagu da tsamiyar. Ta dama ta shanu ce."

Na ce, "Za a gaya masa, Baba."

Na fito ban ga takalmina sosai ba saboda ruwan da ya cika mini ido, har na sa na wani na yi taku biyu.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka kunya ita ce abin da nake yi, hula da durƙuso da ƙin shan ruwa, ina yi ina jiran a yaba. Ranar da komai nawa ya buɗe a kan yashi, dabarar da na iya ita ce in yi wa dattijo Faransancin ƙarya. Shi kuwa ya cire rigar jikinsa, ya bar kasuwarsa, ya sha rana a cikin raguna, kuma ya ɗauke mini nauyin in dube shi in ce ni ne. Abin da ya fi ci mini rai, wanda har yanzu nakan ji shi, shi ne sauke hannun nan da na yi da na gane motar. Ina da mata da 'ya'ya, na zaɓi in mutu a mayo don kada a ga cinyata.

Ina nan ina hawa, kun dai gani. Tumbin ya ragu, jinin ya sauka, na iya birki. Dogon wandona yanzu a jikina yake zama ko da zafi zai kashe ni, wayata kuma a aljihuna. In muka zo tsamiyar nan abokina yakan rage gudu ya ce, "Mesiye, hagu ko dama?" sai in yi kamar ban ji ba.

Surukina ya tsufa sosai yanzu, ya daina zuwa kasuwa. Nakan je in zauna da shi da yamma, na ɗan matso kusa da tabarmar fiye da da, in an kawo ruwa ina sha. Mukan yi hirar farashin shanu da damina da jikokinsa. Zancen mayo bai sake tasowa ba ko sau ɗaya. Har yau bai gane ni ba.